Ruwan Gishirin Baba Kwalba

Shekara ashirin da shida Baba Kwalba ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, kuma wankin kwalabe ne ya jawo masa sunan. Mutum ne mai sakin hannu, ka roƙe shi alli ɗaya ya miƙo maka uku. Tun da aka sace mana ma'auni biyu ya bi tagogin ɗakin da ƙusa, ya ce ɓarawo sai dai ya biyo ta rufi.

Ni ce malamar kimiyyar sinadarai. Ran wata Talata na ce masa, "Baba, a haɗa mini ruwan gishiri na tebur goma, salam-salam."

"An gama, Malama."

Na rubuta wa ɗalibai a allo: in aka ratsa lantarki cikin ruwan gishiri mara ƙarfi, haidirojin zai fito a sanda ɗaya, oksijin a ɗayar. Ban faɗa wa Baba dalili ba, ban kuma duba ruwan ba. Shi kuwa gani ya yi cokali ɗaya rowa ce, ya yi ta zuba gishiri har ya daina narkewa. Ruwa mai ƙarfi irin wannan iskar kulorin mai guba yake fitarwa, ba oksijin ba.

Aka kunna, kumfa ya fara tashi. Baba ne ya fara ɗaga hanci.

"Malama, wa ya zubar da bilic na wanki?"

Nan take na gane warin kulorin ne. Kafin in kai ga makunni aji ya kaure da tari. A teburin gaba akwai jikarsa, Auta, mai ciwon asma. Ta sunkuya kan kofinta tana ƙirga kumfa, sai na ga ta dafe ƙirji, numfashinta yana fito. Na kashe lantarkin.

Yara suka cunkushe ƙofa. Baba ya ruga taga, ƙusoshinsa suka ƙi shi. Da gwiwar hannu ya fasa gilashin, ya sungumi Auta ya miƙa kanta waje, jini na bin rigarsa.

"Shaƙi, uwata. Shaƙi, don Allah."

Na zazzage jakarta na samo abin shaƙarta na asma. Sai a shaƙa ta huɗu ƙirjinta ya buɗe.

Washegari na tarar da shi yana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, hannu a naɗe. Na ce laifina ne. Ya ci gaba da zare ƙusoshinsa.

Shekara uku ke nan. Auta ta gama makaranta, amma har yau ba a kunna komai a ɗakin nan sai Baba ya buɗe tagogi, ya tsaya gabana da cokali a hannu.

"Malama, faɗa mini tukuna. Me zai fito?"