Ba Zan Cire Kek Ɗin Kabewa Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Yaya, bayan jinyar kwana tara. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Kwana uku da rasuwarka, Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya kira ni gefe ya ce, "Kai ne mai alƙalami a gidan nan. Ka rubuta digirinsa da gadojin da ya gina. Zancen kek ɗin nan kuwa ka bar shi a kicin. Babban injiniya da ludayi a hannu, ai abin a rufa masa asiri ne."

Ban yi masa musu ba, domin ba a yi mana tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Amma na yi kwanaki ina auna zancen, kuma ga abin da na yanke: gadojinka suna tsaye, ba su bukatar shaidata. Kek ɗin ne yake bukata.

Waɗanda suka yi maka dariya ba su san mafarinsa ba. Shekarar da matarka ta rasu, 'yarku tana da shekara shida, ta ƙi abinci har wuyanta ya zama kamar sillen kara. Cakulan kaɗai take yarda ta sa a baki. Mata da yawa a dangi suka ce a ba su ita su riƙe. Ka ce a'a. Ka sayi obin, wato murhun gasa kek, da farantinsa mai gurbi goma sha biyu, ka shiga ɓoye kabewa da ƙwai a cikin ƙananan kek masu cakulan. Na farko sun fito kamar duwatsu. Na biyu sun lotsa a tsakiya. Ka riƙa gwadawa kamar mai gwajin kankare, har ranar da ta cinye ɗaya ta miƙo hannu.

Shekara goma sha bakwai ke nan, ba ka fasa ba ko wace Asabar. Maƙwabcinka mai gyaran mota yakan leƙo ta taga ya ce, "Uwargida, an sauke?" Kai kuma ka ce, "An sauke, amma ban da masu baƙin hannu." Sai ya wanke hannun ya dawo.

Asabar da ta wuce na shiga kicin ɗinka, domin ban yarda a wayi gari obin ɗin yana sanyi ba. Na dafa kabewar a ruwa, na kwaɓa da fulawa, sukari, bota da garin cakulan. Abin da ya fito ya caɓe, ya ƙi barin farantin. 'Yarka ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, sannan ta yi dariya, karon farko tun ranar Talatar nan.

"Baffa, Abba gasa kabewar yake yi, ba dafawa ba. Sai ya matse ruwan a ƙyalle. Ina digirin naka?"

Muka sake tare. Ta soka tsinke a tsakiya, ya fito a bushe. Na ɗauki huɗu na kai wa Kawu, na ajiye a gabansa. Ya ci biyu, ya ce a nannaɗe masa sauran.

Kawu, ka gafarce ni, ban cire ba. Mutumin da ya tsaya gaban wuta don marainiyarsa ta ci abinci ba shi da abin da za a rufa masa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya ciyar da kai daga abincin Aljanna kamar yadda ka ciyar. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka, da Kawu, da dangi baki ɗaya, da maƙwabcinka mai gyaran mota, wanda nake sanar da shi cewa tagar tana nan a buɗe ranar Asabar. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.