Yadda Kawu Sale Ya Gyara Min Yankan Diski

Ina tsugune gaban saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanan ƙungiyar manoma a Gaya, gumi na tsiyaya, sai ga Kawu Sale ya faka babur. Daga Toranke ya zo duba sunansa, don washegari za a fara rabon iri, kuma duk wanda kwamfuta ba ta nuna ba sai dai ya koma hannu rabbana.

Na buga sunansa, ta tsaya tana nazari kamar mai tuno mafarki.

Ya ce, "Ɗan nan, ba kai ka ce ka sa mata diski huɗu ba? Ina saurin?"

Na ce, "Kawu, yanka bayanan ake yi a rarraba wa diskin. Ni kuma na yi yankan ƙanana, kilobayit huɗu-huɗu. Shafin da sunanka yake kilobayit sha shida ne, sai duka diski huɗun sun tashi kafin a haɗo shi."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wato damin gero ɗaya ka sa ƙarti huɗu su ɗauka, sauran dammunan na zube a gona? Bar kowa ya ɗauki nasa mana!"

Wallahi kunya ta kama ni. Na kwafe bayanan gefe, na sake shirya diskin da yankan kilobayit sittin da huɗu, yadda diski ɗaya zai ɗauko shafi shi kaɗai, na gwada da sunaye rututu lokaci guda. Tun ban ɗage yatsa ba suke fitowa. Washegari kafin azahar layi ya watse.

'Yan'uwa masu harkar saba, ku nawa kuke yankawa? Ni dai manomi ne ya koya min nawa.