Zoɓon Gwaji a Kofin Baƙo

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Talata al'amura suka fara kwaɓe mini, kuma ranar ba ta taɓa fita daga raina ba. A 2014 ne, ina ɗalibar kwalejin horar da malamai, an turo ni daga Anka zuwa wata sakandaren 'yan mata a Gummi in yi koyarwar gwaji. Ga wanda bai san tsarin ba, kwaleji kan aiko malami ya zauna a bayan aji ya ga yadda ɗalibi ke koyarwa, ya ba shi maki. Wanda ya faɗi sai ya maimaita baɗi.

Mai duba ni shi ne Malam Sani, dattijo marar yawan magana. A zuwansa na farko ya ce tsarin darasina ba shi da aibu, amma shi dai bakina ya ga yana motsi, bai ji komai ba. Wannan zuwa na biyu shi ne na ƙarshe.

Darasin na 'yan aji biyu na babbar sakandare ne, a kan bes da alkali. Bes shi ne sinadarin da ke kashe kaifin asid, wanda ke narkewa a ruwa daga cikinsu kuma shi ake kira alkali. Ana gane shi da takardar litmas, wadda ke sauya launi in ta taɓa shi. To tamu ta makaranta ta daɗe a kabad har ta koɗe. Sai na koma ga zoɓo, domin shi ma yana wannan aikin: ja ne a cikin asid, kore a cikin alkali. Na dafa shi da kauri a gidan gwaggona inda nake zaune, ba sukari ba citta, na tace a jug ɗinta mai kyau, na manna takarda cewa kayan gwaji ne. Saboda zafi, na ajiye shi kusa da randa a ofishin malamai, na tafi jera sauran kaya a aji.

Da na dawo ɗauka, sai na tarar Malam Sani ya iso a kan babur daga Bukkuyum, gumi ya jiƙa masa riga. Takardata ta sha raɓar randa ta faɗi ƙasa. Hajiya Kulu, mataimakiyar shugabar makaranta, tana tsaye da jug ɗina tana cika masa kofi na biyu, wasu malamai kuma sun raba sauran.

"Ga ta nan," in ji Hajiya. "Ɗiyarga akwai tarbiyya, Malam. Diba abin da ta haɗo maka tun daga gida."

Malam Sani ya kurɓa, idonsa ɗaya ya rufe don tsami, ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Ni kuwa na durƙusa na gaishe shi, na ce amin. Abin da ya iya fita daga bakina ke nan. Da aka kaɗa ƙararrawa ya biyo ni aji riƙe da kofin, domin ya kasa shanyewa, kuma kunyar Hajiya ta hana shi bari.

Na fara darasi da ƙaramar muryata. Na rubuta ma'anoni a allo, na ja su iya ja, har na iso wurin gwaji. Ga ruwan toka, ga lemon tsami, ga sodar masu sabulu, duk a jere, babu abin gwada su. Yaran kuma sun sani, don tun jiya na faɗa musu da zoɓo za mu yi. Ubaida, wata mai bakin tsiya a layin gaba, ta waiga ta ga kofin da ke hannun baƙo, ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariyar ta bi layi tana tafiya a ƙarƙashin hijabai. Malam Sani ya sunkuya yana rubutu. Na hango kaina baɗi ina sake ɗaura kaya a babur, abokan karatuna sun gama.

Ban san inda muryar ta fito ba.

"Malam, don Allah a ara mini kofin nan. Kayan aikina ne aka ba ka ka sha."

Har ajin da ke maƙwabtaka da mu sun ji. Yara suka kife a kan tebura. Malam Sani ya daɗe yana kallon cikin kofin, sannan ya tambaya a natse ko akwai wasiyyar da ya kamata ya bari. Na tabbatar masa zoɓo ne da ruwa kawai, a kwanon girki aka dafa. Ya miƙo mini da hannu biyu, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Na raba ɗan abin da ya rage. Na ɗiga ruwan toka a kashi na farko, ja ya juye kore a gaban idonsu. Na matsa lemon tsami, ya komo ja. Na ce musu asid da alkali in sun haɗu kashe juna suke yi, a sami gishiri da ruwa. Wata ta ce ashe shi ya sa Inna ke zuba ruwan toka a miyar sure in ta yi tsami. Na ce ta rubuta, ta riga ta amsa tambayar jarrabawa.

Ubaida ta ɗaga hannu. "Malama, to in Malam ya ci miya mai kanwa da rana, cikinai kore za ya koma?"

Na amsa mata da gaske cewa ciki cike yake da asid, don haka Malam zai koma gida ja kamar yadda ya zo. Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Dariya ta kama ni har na dafa allo, kuma daga nan muryata ba ta sake sauka ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne alkali da gishirin amoniyam. Na haɗa ɗan takin zamani mai amoniyam da soda a kwalbar gwaji, na ɗumama a risho bakin taga, na riƙa takardar da na tsoma a ragowar zoɓon a saman kwalbar. Ta yi kore, alamar iskar amoniya na fita. Na nuna musu ba a kai hanci, da hannu ake fifito warin. Malam Sani ya taso ya gwada, ya fifita da ƙarfi fiye da kima, ya koma kujerarsa yana share hawaye.

Ku da za ku fita koyarwar gwaji, ga abin da na koya. A wurarenmu duk abu mai sanyi da ke kusa da baƙo nasa ne, ko me aka rubuta a jiki, don haka kayan gwaji ba sa zama inda ake sauke mutane. Ranar zoɓo ne, wata rana soda ce. Kuma kunya tana da wurinta, amma ba a gaban allo ba.

Bayan an tashi na raka shi wurin baburinsa. Yana ta ɗaure jakarsa. Na tambaye shi sakamakona sau ɗaya da ƙaramar muryata, bai juyo ba. Na gane abin da yake jira, na ɗaga murya na ce, "Malam, na ci ko zan maimaita?"

Ya buga babur ya tashi, sannan ya dube ni.

"Kin ci, Malama. Yau har na bayan aji ya ji ki. Amma in za ki sake shayar da mai duba kayan aikinki, ki taimaka ki sa sukari."