Cingam Bayan Tiyata

Ɗana na fari da tiyata aka ciro shi. Na manta zafin ɗinkin, amma ban manta kumburin cikin ba. Hanjina ya kwanta, iska ta ƙi fita, aka hana ni ko kunu har sai cikin ya motsa. Na yi kwanaki ina kallon kwanon matar da ke gadon kusa da ni.

Da cikin na biyu ya isa haihuwa, aka ɗauko ni daga Dingyadi zuwa asibiti a Bodinga, aka sake yi mini aiki. Inna, mahaifiyata, ita ke jinyata. Bayan na dawo hayyacina, likitar da ta yi aikin, wata siririyar mace 'yar Shagari, ta miƙo mini cingam.

"Ki riƙa taunawa a hankali, kada ki haɗiye."

Inna ta miƙe tsaye. A gidanmu matar aure ba ta taunar cingam a gaban mutane.

"Likita, mi na wanga? Ɗiyata mai jego ki ba ta cingam, ga dangin mijinta na shigowa?"

Likitar ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Inna, ba ni na ƙirƙiro ba. Likitoci a ƙasashe da dama sun gwada, wannan ya ce yana tada hanji, wancan ya ce bai ga komai ba. Sai waɗansu masana suka tattaro binciken duka, suka tantance, suka ajiye wanda aka yi da ganganci a gefe, suka haɗa sakamakon masu inganci wuri ɗaya. A nan aka ga yana taimakawa. Baki na tauna, ciki ya ɗauka abinci na tafe. Ni ma ina nawa binciken a kai."

"To, in an riga an sani, mi kike nema?"

"Su masu tattarawar sun ce akwai sauran aiki. Ba a gwada sosai a kan mata irin namu ba, masu tuwon gero da fura. Da ban karanta nasu ba, da na ɓata lokaci ina maimaita abin da aka gama."

Ta juyo gare ni ta ce in na yarda za ta sa ni cikin nata binciken, in na ƙi ma kulawar ba za ta ragu ba. Na yarda. Inna ta ja mayafinta ta kare ni daga ƙofa, ta ce in tauna amma ban da ƙas-ƙas.

Washegari cikina ya yi ƙugi, iska ta fita. Ban taɓa jin daɗin abin kunya irin na ranar ba. Aka ba ni kunun kanwa mai ɗumi, na sha ina hawaye.

Ban san ko ɗaya daga cikin masu tattarawar nan ba, ban ma san ƙasashensu ba. Ranar sunan yarinyar da na haifa na roƙi liman ya sa su a addu'a tare da likitar. Ya tambaye ni sunayensu, na ce ya yi kawai, Allah ya san su.