Sa Hannun da Na Yi wa Baba

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta, amma maganar hannun jarin mahaifina kam sai dai a binne ni da ita.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kalgo, Baba kuma yana gida Gwandu da gonarsa da 'yan shanunsa. Shekarun nan ne da gwamnati ke sayar wa jama'a hannun jari a kamfanoninta, rediyo ba ta da zance sai shi. Ni na zuga Baba ya sayar da bijimai biyu muka saya. Ranar cike fom yana gona a Dalijan, ni kuma ina saurin kama mota. A wajenmu ɗan boko shi ne alƙalamin gidansu, saboda haka ban ga laifi ba. Na rubuta sunansa, na murɗa wani sa hannu mai wutsiya a madadinsa, na miƙa. Ko gaya masa ban yi ba.

Bayan 'yan shekaru Baba ya yi niyyar Hajji. Jarin ya yi daraja, kuɗinsa za su cika masa kujera, an kuma sa ranar rufe biya. Muka ɗauki takardar shaidar jarin muka kai wa wakilin wani dillalin hannun jari a Birnin Kebbi. Ya ba Baba fom ɗin sayarwa, Baba ya gyara zama ya rubuta sunansa da ajami, a natse, kamar mai rubutun allo. Ina tsaye ina kallo, wallahi abin da na aikata ko faɗo mini a rai bai yi ba.

Sai da mako uku suka shuɗe wakilin ya aiko in zo. Ina shiga ya ture mini ambulan.

"Babban ofis na Legas sun maido da fom ɗin. Sa hannun saye daban, na sayarwa daban. Wa ya cike fom ɗin farko?"

Na amsa cewa ni ne. Na ce masa ai abu ne na ɗa da uba, ya taimaka ya yi musu bayani. Ya girgiza kai. Ya ce da ana yin haka, shi ya sa aka riƙa sayar da jarin mamata da na marayu da hannun ƙarya. Yanzu ƙungiyarsu ta dillalai da masu riƙe rajistar kamfanoni sun tsaya kan ƙa'ida ɗaya: ba a sauya sunan mai jari, ba a sakin ko kwabo, sai hannu ya dace da hannu. Na ce to in sake irin na farkon mana. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma ka san sunan wannan aikin."

Kunya ba ta hana ni gwadawa ba. Na koma Kalgo na cika bayan littafin darasi da murɗe-murɗe, ko zan tuna wutsiyar nan, amma ina! Kullum in dubi kalandar ofishin hedimasta in ƙirga kwanakin da suka rage, ga Baba can yana ta karɓar saƙon addu'o'in da mutane ke son ya kai musu.

Hanya ɗaya ta rage: ya yi rantsuwa a kotu cewa jarin nasa ne, banki ya buga hatimi kan sabon sa hannunsa, a mayar Legas a jira. Dole na je Gwandu na durƙusa a zaure na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kai ɗiyana, mi ya hana ka biyo ni gona? Dalijan ta yi maka nisa?"

Washegari muka nufi kotu. Dattijon da bai taɓa taka kotu ba, ni na kai shi ya yi rantsuwa a kan dukiyarsa ta halal. Kullum bayan an tashi makaranta ina kan hanyar Birnin Kebbi, har wakilin yakan ɗaga mini hannu tun daga nesa, alamar ba labari.

Kuɗin sun iso bayan an rufe. Baba ya ce, "Ba a kira mu ba bana." Kafin baɗi kuɗin kujera ya haura, abin da ke hannunsa bai kai ba, kafin wata shekarar kuma Allah Ya yi masa rasuwa. Bai taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Na daɗe ina jin haushin ƙa'idar nan, sai daga baya na yarda ba ita ta cuce mu ba, gaggawata ce. Abin da na koya shi ne, kome kusancinka da mutum, hannunka ba nasa ba ne. Tafiyar da na ƙi yi zuwa gona ita ta hana mahaifina zuwa Makka.