Ban Gaida Sajan Ba

Na yi wa 'yan sanda leƙen asiri a cikin ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai a ƙasar Gwiwa. Sun gano ni, sun bar ni a kwari suna zaton na mutu.

Don gadin shanu aka kafa ƙungiyar. Daga baya muka koma kama makiyaya, wasu ba su koma gida ba. Wani sajan, aminin marigayi babana, ya ce in riƙa faɗa masa inda za mu. Ina acaɓa lokacin. In ɗauke shi kamar kowane fasinja a hanyar Roni, in yi magana idona na kan titi, ya sauka. Wanda duk aka kama da irin wannan a cikinmu, kashe shi ake yi. Na sani.

Wata ranar kasuwa muna tafe da kwamandanmu da sauran yara, sai ga sajan a rumfar masu goro. Kowa ya gaishe shi. Kwamanda kansa sai da ya rusuna, ya ce, "Baba, an wuni lafiya?" Ni na kau da kai na wuce. A ganina hakan ne zai rufa min asiri.

Muna cin tsire kwamanda ya ce, "Kai, wancan ba shi ya yi wa babanka wankan gawa ba?"

"Shi ne, Oga."

"Me ya yi maka?"

"Ban gan shi ba."

"Mutum kamar rumbu ba ka gan shi ba?"

Yara suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya miƙo min sauran naman ya ce in cinye. Na cinye.

Bayan la'asar suka kai ni wani kwari bayan duwatsu. Ba su tambaye ni komai ba, suka rufe ni da duka. Mutanen da muke ci a kwano ɗaya ne. Ban ji zafi sosai ba sai washegari. Mata masu itace suka tsince ni.

Sajan ya zo asibiti a Kazaure. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Da ka gaishe ni, ɗana." Bai jima ba aka canja masa wurin aiki.

Kunnena na hagu ba ya ji. Innata ta san ina raye, an ce kada ta faɗa. Yanzu ina wani gari kusa da Ɓaɓura, ina facin taya a bakin tasha. Ba a san ni da sunana ba a nan.