Tumbin Kwikwiyon Kaka

Har yau idan na ji mai kankana yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, sai gabana ya faɗi. Haka kakana ya ƙwanƙwasa cikin wani kwikwiyo a ƙauyenmu na gefen Buza, wata damina da rumbu ya yi ƙasa tun gero bai fid da kai ba.

Kaka tsohon mafarauci ne, ido ya riga ya tafi. Cikin jajayen karnukan da ya gada wurin mahaifinsa saura karya guda, ita ma ta haihu a bayan rumbu ta mutu. 'Ya'yan suka yi ta binta, har ya rage ɗaya, mai tumbi kamar tulu, haƙarƙari duk a waje. In ya tafi, irin karnukan gidanmu ya yanke ke nan.

Kowa da tasa. Inna ta ce ƙoshi ne, har tana tuhumata da satar mata fura ina ba shi. Kawu ya ce kumburi ne, ya sa kibiya a wuta zai yi masa sakiya. Ina ganin ƙarfen ya yi ja na suri kwikwiyon, sai bukkar Kaka, ina haki.

"Amarya, wa ya koro ki?" in ji shi. Haka yake tsokanata. Ya karɓe shi, ya latsa, ya ƙwanƙwasa, ya ce in ɗaga leɓen in duba dasashi. Na ce fari fat.

"Cikin ƙoshi in ya kwana sacewa shikai. Wanga tsutsa ta, ga nonon uwatai yash sha ta. Ce ma kawunki shi kashe wutatai."

Akwai wata saiwa a kan tudu da yake ba karnukansa. Ya kwatanta mini ganyenta. Na hau na sauka, na hau na sauka, duwatsu sun farfasa mini ƙafa, duk wadda na kawo sai ya sansana ya jefar. Haushi ya ishe ni, na ce masa da gangan yake yi. Har na gaji ban dace da ita ba.

Ranar kasuwa na goya kwikwiyon da zane na bi mata zuwa Buza. Dariyar da aka yi mini a hanya ba ta faɗuwa. Likitan dabbobi ma sai da ya dara, ya ce shi da tumaki ya saba, amma ya ɗaga shi ya kimanta nauyinsa, ya ɗura masa magani. Washegari na ga abin da ya fito, farare, suna motsi. Na daɗe ban iya cin taliya ba.

Da cikin ya sace, Kaka ya shafa shi ya daɗe, ya ce, "Saura wanda za shi gwada mai daji."

Ba a samu ba. Kaka ya rasu bayan girbi, Kawu ya tafi ci-rani. Karen ya girma, ya tsufa yana gadin awaki, zomo na gilmawa sai dai ya bi shi da ido.

Yanzu maganin tsutsa a kowace kasuwa akwai shi, kwikwiyo ba ya mutuwa a banza. In na je gida nakan ga jikokin karen nan jajaye kwance a inuwar rumbu. Irin bai yanke ba, amma kaf ƙauyen babu wanda ya san fiton da ake yi musu a tashe su farauta.